Alhamis ɗin da Malam Ishaku Ya Bar Kununsa a Gida

In ka shiga kasuwar Farin Gada ta Jos da sassafe, ɓangaren da ake lodin kabeji da karas, za ka ga wata tsohuwar a-kori-kura fara, ƙofarta a buɗe, wani dattijo siriri zaune a gefen kujera ƙafafunsa a waje, yana tsiyaya kunun acca daga koren fulas. Ba ya juya wa mutane baya in zai sha. 'Yan dako suna ce masa Baba Acca. Sunansa Malam Ishaku, a Tudun Wada yake zaune, a gidan da kakansa ya gina tun zamanin haƙar kuza. Kafin ya zama Baba Acca yana da wani sunan, wanda ya fi wannan daɗin ji, kuma shi ne ya kusa kai shi lahira tare da 'yar mutane.

Tuƙi ne sana'arsa tun yana saurayi. Ya yi tasi tsakanin Terminus da Bukuru har gemunsa ya fara fari, sannan ya samu aikin jan bas a wata makarantar kuɗi da ke Daɗin Kowa. Aiki ne mai kwanciyar hankali: ka kwaso yara da safe, ka mayar da su da rana, ka wanke mota. Wanda ya gada a kujerar, hawan jini ne ya kayar da shi wata rana a bakin get, kuma bai sake hawa ba. Mai makarantar, Hajiya Fatimatuzzahra, ta faɗa wa Malam Ishaku dalili tun ranar da ta ɗauke shi.

"Ba zan damƙa 'ya'yan mutane a hannun mai lalura ba," in ji ta. "Kai dai lafiyarka ƙalau ko?"

"Ƙalau, Hajiya."

A lokacin gaskiya ya faɗa. Sai bayan shekara biyu ƙishirwa ta fara damunsa, wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu, aka gwada jininsa aka ce ciwon sikari ne.

Ba baƙon ciwo ba ne a gidansu. Shi ya ci yayansa, kuma a hankali ya ci shi: yatsa tukuna, sai tafin ƙafa, sai aka yanke daga gwiwa. Malam Ishaku ne yake ɗaukar yayan a baya zuwa mota, shi ya san warin da ke fitowa in an kwance bandeji. Saboda haka da aka ce shi ma ya kamu, bai yi gardama ba. Ya ɗauki sikari a matsayin maƙiyin da ya riga ya shigo gida ya kashe mutum ɗaya. Ya bar shayi mai zaƙi, ya bar burodi, ya bar lemon kwalba, har ayaba sai ya harare ta. Matarsa Hasiya ta mayar da kicin ɗinta gidan acca: kunun acca da safe ba sikari, tuwon acca da miyar ganye, gwate, wake, dafaffen ƙwai. Aka ba shi wata ƙwaya da zai riƙa sha da safe, ya bi ta da abinci nan take. Bai taɓa tsallake ko ɗaya ba, domin Hasiya ba ta barin ya taka waje sai ta ga gindin kofi.

Matsalar ita ce makarantar yara gidan zaƙi ne. Kusan kullum wani yana bikin ranar haihuwa, uwarsa ta aiko da kek da katan ɗin lemo, a yanka a miƙa wa kowa har direba. Ranar farko da Anti Rahma, malamar ƙananan aji, ta miƙo masa nasa a faranti, Litinin ce. Bai shirya amsa ba, sai ya ji bakinsa ya ce, "Ina azumi."

Ta janye farantin da sauri kamar ta yi laifi. "Allah Sarki, Baba. Allah ya karɓa. A sa mu a addu'a."

A nan ne ya kamata a tsaya a dubi mutumin da kyau. A sauran ranaku, in an miƙo masa kek, yakan karɓa ya ce zai kai wa jikoki gida, kuma babu wanda ya taɓa tambaya. Wannan amsar ta ishe shi daga Litinin har Juma'a. Bai buƙaci azumin ba. Amma ranar Alhamis ta makon ya sake cewa yana azumi, Litinin ta zagayo ya sake. Ya ce wa kansa tsaro ne, kada a gane. Abin da bai faɗa wa kansa ba shi ne yadda muryar Anti Rahma ta sauka a ƙirjinsa. Tsawon rayuwarsa "direba" ake ce masa, wani lokaci ma ba a haɗawa da suna. Yanzu iyaye mata suna rage murya in sun zo kusa da bas. Yara suka sa masa Baba Mai Azumi, Musulminsu da Kiristansu. Hajiya kanta, in sababbin iyaye sun zo duba makaranta, takan nuna shi daga nesa ta ce, "Wancan ne direbanmu. Litinin da Alhamis ba ya cin abinci." Shi kuma a ranakun nan yakan sha kununsa a gida, da tsakar rana ya ja bas bayan katanga ya durƙusa tsakanin kujeru ya ci wakensa. Watan Ramadan ne kawai hutunsa: likita ya gyara masa lokacin magani, ya yi azumin gaske kamar kowa, babu mai miƙo masa komai.

Ƙarshen zangon karatu na wata damina, makarantar ta shirya kai yara Lambun Tauraro, wani wurin wasa da aka buɗe a bayan gari, mai lilo da dokunan roba masu zagaye da ɗan ƙaramin jirgin ƙasa. Bas ɗaya ne, don haka sawu biyu za a yi: ƙanana tukuna, sannan a koma a ɗauko manya tare da Hajiya. Ranar ta faɗo Alhamis. Aka ce ya fito da wuri fiye da yadda ya saba.

Hasiya ta juye kunun a fulas tun yana tururi. "Ka sha maganin, Malam?"

"Yanzu na haɗiye."

"To ga shi. Kafin ka tayar da mota ka sha, kada ka ce sai ka isa."

"Na ji, sarkin faɗa."

Ya fita da fulas a hannu. A bakin layi yake ajiye bas, kuma yana leƙawa sai ya hango Anti Rahma tsaye jikin motar da lema, kwalaye a gabanta. Ita ma a Tudun Wada take, ta ga babu dalilin hawa keken haya tunda bas na nan. Ba ta gan shi ba. Ya dubi fulas ɗin. Kore ne shar, ba ya shiga aljihu, ba ya ɓuya a ƙarƙashin riga. Ya ja da baya, ya tura shi bayan durom ɗin ruwa da ke bakin ƙofar gida, ya goge hannunsa a riga, ya nufe ta.

"Ina kwana, Baba. Yau ma da azumin, ga wannan zirga-zirga?"

"To, ya za a yi," in ji shi, yana murmushin nan da ya iya.

Ya ce wa kansa ai wurin wasa ba ya rasa gidan abinci. Zai sauke yara, ya zame, ya samu abin da ya dace da shi.

Har suka isa lafiyarsa lau. Ana yayyafi, sanyin Jos na shiga ta kowace kafa, yara sanye da rigunan sanyi suna ihu tun kafin a buɗe musu ƙofa. Anti Rahma ta ce Hajiya za ta kira shi in manya sun gama taruwa, kada ya yi nisa. Ta bi yaran. Shi kuma ya tsaya har suka ɓace bayan dokunan roba, sannan ya zagaya ta bayan rumfar tikiti zuwa gidan abincin. A hanyar ne ya ji gwiwoyinsa sun yi wani irin laushi, kamar ba a ɗaure su da kyau ba.

Gidan abincin ɗaki ne mai faɗi, gilashi ta ko'ina don iyaye su riƙa hango 'ya'yansu, kujerun roba ja da rawaya. Wata mace mai jiki tana goge teburin sayar da abinci, ɗankwali ɗaure tamau. Madam Bernadette ce, wadda ke riƙe da wurin. Iyayenta daga gabas suka zo, amma a Jos aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ruwa.

"Oga direba, sannu da sanyi. Me za a kawo?"

Ya waiga ya dubi gilashi. "Wani ne ya aiko ni. Dattijo ne, ba ya cin zaƙi. Kuna da kunun acca?"

"Akwai kunu, amma na gero ne, kuma a tukunya na zuba sikari. Nan wurin yara ne, oga. In ba zaƙi, kuka za su yi mini."

"Shayi fa?"

"An haɗa shi da madara da sikari tun ɗazu. Ga burodi, ga kek, ga cincin, ga fanke."

Kowane suna ta ambata sai ya ji kamar ta nuna masa wuƙa. "Ƙosai? Alala?"

"Wake na jiƙe, ba a kawo wuta ba balle in niƙa. Injin wutar wurin nan kuwa lilo kawai yake ja, mu ba a san da mu ba."

"Gwate?"

Ta yi dariya. "Gwate da sassafe? Sai azahar. Zan iya soya wa dattijon naka dankali da ƙwai."

"Dankali ba ya yi masa."

Ta ajiye tsumman hannunta ta dube shi sosai. "Wannan dattijon naka, shi ma gumi yake yi a cikin wannan sanyin?"

Ya shafa goshi. Jiƙe yake sharkaf. Ya dubi hannun, sai ya ga yatsun suna kaɗawa da kansu. Tsoro ya taso masa daga ciki. Bai taɓa jin haka ba. Abu ɗaya ya zo masa: sikarin ne ya hau. Ya saɓa ƙa'ida yau, ciwon ya samu ƙofa. Ya ji kamar wani abu na tafiya a yatsun ƙafarsa cikin takalmi.

"Madam," ya ce, murya ƙasa ƙasa, "don Allah dafaffen ƙwai. Da ɗan kabeji, da tumatir. Kada ki sa komai a kai. Kuma ba a nan zan ci ba."

Ba ta tambayi dalili ba. Ta ɗaga labulen da ke bayan teburin ta nuna masa ɗan sito, tsakanin tukunyar gas da buhunan dankali. Ya tsaya a nan yana jin ruwa na tafasa a kan wuta, wayarsa a aljihu kamar garwashi. Kowane ƙara ya ji sai ya ɗauka Hajiya ce. Yunwa ta kama shi irin wadda bai sani ba, mai cizo, mai sa mutum ya ji zai iya cin buhun da ke gabansa ɗanye.

Ta kawo farantin. Abinci ne daidai da ƙa'ida, ko Hasiya ba za ta kushe shi ba. Ya ɓare ƙwan da ƙyar, ɓawon na maƙale wa yatsunsa, ya tura a baki. Yana cikin tauna ya ji an buɗe ƙofar gaba, hayaniyar yara ta cika ɗakin, sai muryar Anti Rahma: "Ku zauna! Wanda bai zauna ba ba shi da fanke!"

Ya daskare, baki cike da ƙwai. Labule ne kawai tsakaninsu, kuma bai kai ƙasa ba. Ya ja ƙafafunsa bayan buhu. Dattijo mai jikoki, tsaye a lungu yana tauna a hankali don kada a ji. Ya cinye komai har ganyen ƙarshe, ya jingina da bango yana jiran jikinsa ya dawo.

Bai dawo ba. Rawar ta haura daga yatsu zuwa kafaɗa. Zuciyarsa na bugawa a maƙogwaro. Wannan ne ya fi ba shi tsoro: ya samu abincin da ya dace, ya ci, kuma yana ci gaba da nutsewa.

Madam Bernadette ta leƙo ɗaukar faranti, ta tsaya. "Oga, ka sha magani da safe ba ka ci komai ba, ko? Mamata haka take yi in ta yi wannan gangancin. Ƙwai ba zai tashe ka yanzu ba. Bari in zubo maka kunun nan."

"Mai sikarin?"

"Shi fa."

"Kashe ni za ki yi?" Bai san yana da irin wannan muryar ba. "Kin san abin da sikari ya yi a gidanmu? Ke likita ce?"

"Ni mai tuya ce," in ji ta, ta ja da baya. "Amma ido gare ni."

Maganarta ta taɓo wani abu can nesa a kansa. Ranar da aka fara ba shi ƙwayar, wata nas ta yi masa bayani mai tsawo, har da cewa ya riƙa yawo da sikari a aljihu, in ya ji rawar jiki da gumi ya jefa a baki. Ya ji ta. Amma a lokacin idonsa na kan wani mutum da ke zaune a benci, ƙafarsa ɗaya naɗe da bandeji, sai ya yanke a ransa cewa yarinya ce, ba ta san abin da take faɗa ba. Hasiya takan sa masa alewa a aljihun riga. Kafin ya isa makaranta ya raba wa yara. Ba ya iya jure ta a jikinsa.

Wayar ta yi ƙara.

"Malam Ishaku, mun shirya. Ka taho yanzu." Hajiya ba ta jiran amsa.

Ya fita ta ƙofar baya, ya bi jikin katanga yana dafa ta. Kiɗan dokunan roba na zuwa masa kamar daga ƙarƙashin ruwa. Yana isa bas sai ga Anti Rahma ta biyo shi da sauri, riƙe da hannun wata ƙaramar yarinya mai kitso biyu, idanunta jajir.

"Baba, yauwa, na same ka. Wannan Nmachi ce, lilo ya juya mata ciki, ta yi amai. Na kira mamarta, za ta jira ta a makaranta. Ka tafi da ita." Ta ɗora yarinyar a kujerar gaba, ta ɗaura mata bel. "Ki zauna shiru, kin ji? Kina hannun Baba Mai Azumi, babu abin da zai same ki." Ta dube shi. "Baba, ka yi fari fa. Azumin nan na yau ya taɓa ka."

Ga ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya za ta isa. Ya ce, "Sanyi ne." Ta koma wurin sauran da gudu.

Ya hau kujerarsa. Makullin ya ƙi shiga rami. Ya riƙe hannun dama da na hagu sannan ya shige. Injin ya tashi. Ya waiga ya ga get ɗin fita ya zama biyu, maigadi biyu, kowanne yana ɗaga masa hannu. Ya runtse ido ɗaya suka koma ɗaya. To, da ido ɗaya ma ai ana tuƙi. Daɗin Kowa ba nisa. Ya san hanyar kamar tsakar gidansa: gangara, kwana, shataletale, 'yan keke masu faɗowa titi ba sallama. In ya isa zai ce zai kewaya, ya samu wani lungu, ya zauna har abin ya wuce. Babu wanda zai sani. Gobe yana nan a kujerarsa, Litinin a ce masa Allah ya karɓa.

Bas ɗin na fuskantar katanga, sai ya ja da baya kafin ya fita. Ya taka kuloci, ya ɗora hannu a kan giya.

Bai san ina ribas yake ba.

Hannun da ya shekara talatin yana yin wannan ba tare da an tambaye shi ba ya tsaya a kan sandar kamar hannun baƙo. Ya tura gaba, ya ja gefe. Ƙafarsa ta zame daga kuloci, motar ta yi tsalle ɗaya zuwa katanga ta mutu. Kan yarinyar ya yi gaba ya dawo.

Ba ta yi kuka ba. Ta dube shi da jajayen idanunta ta ce, "Baba, kai ma lilo ka hau?"

Ya dubi bel ɗin da ke ƙirjinta, ya yi mata yawa, ya bi ta wuya. Ya ga gangarar nan, ya ga kwanar, ya ga kansa kife a kan sitiyari mota na tafiya ita kaɗai, uwar yarinya tsaye a bakin get tana duba hanya. A karo na farko tun safe, tsoron da ya kama shi ba na kansa ba ne.

Ya zare makullin.

Shi ya ce mata su sauka, amma ita ta ja shi. Ta riƙe yatsunsa biyu suka bi ta gaban rumfar tikiti, ta gaban kowa, suka shiga gidan abincin ta ƙofar gilashi. Yara na ganinsa suka ɗauka da baki cike da fanke: "Baba Mai Azumi! Baba Mai Azumi!" Anti Rahma ta miƙe. Ya ajiye makullin a teburin gabanta, ya zube a wata jar kujera da aka yi don 'yan shekara biyar, gwiwoyinsa kusa da haɓa.

"A nemo wani direban," ya ce. Harshensa ya yi nauyi. "Madam. Kawo."

Kafin ya rufe baki kofin na gabansa, cike, ta ma ƙara cokali biyu a kai tana juyawa. Ya dube shi. Ya ga ƙafar yayansa a ciki, ya ji warin bandeji. Har yanzu rabin zuciyarsa na ce masa wannan kofin shi ne ajalinsa, matar nan kuskure take yi, yatsa zai fara tafiya daga yau. Ga kuma idanu, ƙanana da manya, duk a kansa. Bai san wanne ya fi tsoro ba. Madam Bernadette ta tallafi gindin kofin don hannunsa ba zai iya ba.

Ya sha.

Ɗakin ya yi tsit, sai kiɗan dokuna daga waje. Wani yaro ya ja rigar malamarsa. "Anti, ai rana ba ta faɗi ba."

"Ci fankenka," in ji ta, ba ta ɗauke ido daga Malam Ishaku ba.

Ya shanye, aka ƙaro rabi. A hankali kujeru suka daina ninkuwa. Rawar ta sauka daga kafaɗa zuwa yatsu, ta fice. Gumin ya bushe ya bar shi da sanyi. Ya motsa yatsun ƙafarsa cikin takalmi ɗaya bayan ɗaya, suna nan. Zaƙin kuwa, wanda ya yi shekaru bai taɓa harshensa ba, ya yi masa daɗi har ya ji kunya.

Anti Rahma ta jawo kujera ta zauna kusa, ta rage murya. "Sikari ne, Baba?"

Ya gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ki ce in sa ki a addu'a."

Ta daɗe tana juya makullin a hannu. "Ka sa ni kuwa?"

"Na sa ki. Wannan kam na yi."

Motar haya aka ɗauko ta kwaso manyan. Washegari Hajiya ta kira shi ofis. Ba ta ɗaga murya ba.

"Da ka faɗa mini tun farko," ta fara.

"Da kin sallame ni, Hajiya."

Ta ce, "Eh. Da na sallame ka." Ta ce Nmachi kawai take gani in ta rufe ido, kuma babu dalilin ƙaryata ta. Amma da ya juya zai fita ta ƙara da cewa, "Na nuna ka ga iyaye, Malam Ishaku. Da yatsana." A muryarta ba a iya rabe wanne ya fi yi mata ciwo.

Hasiya kuwa tun hantsin ranar Alhamis ɗin ta je ɗibar ruwa ta ga koren fulas a bayan durom, cike, ya huce. Ta kira shi har ta gaji, shi kuwa tun bayan kiran Hajiya ya bar wayar a cikin bas. Da ya dawo ya tarar da ita zaune a tsakar gida, fulas ɗin a cinyarta, ko mayafin da ta yafa don fita nemansa ba ta cire ba.

"Kunyar wa ka ji?" ta tambaye shi.

Ta ɗago masa fulas ɗin.

"Ni da nake tashi in dama maka, ni ce ba ka jin kunyata."

Likita ya canza masa ƙwayar, ya ce zai iya tuƙi in zai kiyaye cikinsa. Wani dillalin kayan gwari ya ba shi a-kori-kura. Kabeji ba ya bikin ranar haihuwa. A gaban motar akwai ɗan gwangwani da Hasiya ta cika da sikari mai ƙwaya. Bai taɓa buɗe shi ba, kuma har yau in idonsa ya faɗa kai sai ya motsa yatsun ƙafa. In an tambaye shi me ya fi kewa a tsohon aikin, yakan ce yaran. Hasiya ta ce ba yaran ba ne.

Kwanan baya, wata Alhamis, wata mata da ya taɓa kai 'ya'yanta makaranta ta zo Farin Gada sayen tumatir. Ta hango shi, fuskarta ta washe, ta taho tana gyara mayafi.

"La! Baba Mai…"

Sai ta ga kofin a hannunsa, tururi na tashi. Sauran sunan ya tsaya mata a baki. Malam Ishaku ya ji tsohuwar amsar ta taso har maƙoshi, tana neman hanyar da za ta gyara abin. Ya bar ta ta koma. Ya ɗaga mata kofin kaɗan.

"Bismillah, Hajiya," ya ce. "Ba sikari."